Kawuna, Taubashinsa da Gajeriyar Sanda

Kawuna ya rasu ranar kasuwar Jibiya, gari cike, shi ya sa jana'izarsa ta tara jama'a ba tare da an wahalar da mai shela ba. Yayan mahaifiyata ne, ya haura tamanin da nisa, kuma jinyar da ya yi gajeriya ce, irin wadda ba ta gajiyar da masu jinya. Allah ya jiƙansa, ya sa makwancinsa ya fi zaurensa faɗi, shi kuwa zauren nan an san ba ƙarami ba ne.

Zaman makoki wuri ne da ake yanka mamaci kashi-kashi, kowa ya ɗauki tsokar da ta yi masa. Tsofaffin direbobi suka ce a zamaninsu baƙo bai taɓa kwana ƙarƙashin mota a bakin iyaka ba muddin Kawu ya gan shi. Matan unguwa suka aiko da maganar rijiyar da ya haƙa. Liman ya ce mutumin sahun farko ne. Ban musa ba, ko da yake na san sahu na biyu ya fi so, saboda akwai ginshiƙin da yake jingina. Can gefe kuma wasu samari, kowa kansa a sunkuye kan waya, na ji ɗaya yana gaya wa ɗan'uwansa wai ashe tsoho mai gem ne ya rasu, wato mai wasan talabijin. Mutum ya yi kusan shekara casa'in yana ɗawainiya da duniya, a naɗe shi a kalma uku. Na yi shekaru ina koya wa yara taƙaita labari, amma ban taɓa nufin a kai shi nan ba.

Ba su ne suka fi damuna ba dai. Wanda ya dame mu duka shi ne taubashin Kawu.

Ɗan gwaggon su Kawu ne, wadda aka aurar hayin iyaka, wajen Maraɗi, can aka haife shi can ya tsufa. Ya iso kafin a sallaci gawa, cikin farar riga mai guga. A bakin kabari da liman ya roƙi duk wanda mamaci ya saɓa wa ya yafe masa, jama'a suka amsa baki ɗaya, shi kuwa ya tsaya yana nazarin takalminsa. Da aka dawo gida ya durƙusa da ƙyar, ya yi mana gaisuwa tsaf, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ya ce Allah ya jiƙan Alhaji, ya ba mu haƙurin rashin Alhaji. Ya sha ruwa, ya yi godiya, ya koma ƙasarsu.

Baƙon da bai san gidanmu ba zai ce ga dattijo mai ladabi. Inna, wato mahaifiyata, tana jin an kai mata rahoto ta aiko a kira ni cikin gida.

"Alhaji ya ce?"

Na ce haka ya ce.

"To, bai yafe ba."

Ta tuna mini abin da na sani amma boko ya sa na ajiye a bayan kwanya. Taubashi ba ya yi wa taubashinsa ladabi, a raye ko a mace. Ranar da mahaifinsu ya rasu, in ji ta, taubashiyarsa ta shigo tana cewa a tashi maƙetacin nan, barcin ƙarya yake don kada ya ba ta goro, ta zage shi tas sannan ta zauna ta yi kukan da ya fi na kowa. Haka ake yi. Wanda ya zo makokin taubashinsa da gaisuwar hakimai, akwai abin da ya riƙe. Ta ce shi ma tsoho ne, ita ma tsohuwa ce, in ya bi yayanta da wannan riƙon to can za su ƙarasa shari'ar, can kuwa ba a sulhu a kan shayi. Don haka in shirya in ƙetara, kada in dawo sai da zagi.

A tsawon aikina na koyarwa an aike ni neman alli, an aike ni neman benci, an aike ni neman yaran da suka gudu gona. Ba a taɓa aike ni neman a zagi kawuna ba sai da na yi furfura.

Dole in koma baya, don wanda bai ga shekarun saba'in a Jibiya ba ba zai gane yadda ɗigo ɗaya a gilashi ya raba mutum biyu ba.

Kawu mutum ne mai sayen abu kafin amfaninsa ya iso. Da kuɗin mai suka fara zubowa ƙasar nan, aka shiga gina makarantu ko'ina, ya samu kwangilar kai siminti da bulo, sai hannunsa ya buɗe. Ya sayi firji wutar lantarki ba ta zo unguwarmu ba, ya riƙa ajiye hulunansa a ciki, ya ce ko ba komai ɓera ba ya shiga. Ya ɗora kan tarho a tebur ba waya a jikinsa. Ya sayo talabijin daga Kano alhali tashar ba ta kawo mana komai sai yayyafi da shuu, aka lulluɓe ta da ƙyalle mai ado, baƙi suna zuwa suna gaishe ta da ido. In aka yi masa magana sai ya ce shi ya riga ya iso, sauran ƙasar ce ta makara. Duk sabon ƙarfen da ya shigo hannunsa sai ya juya shi sama da ƙasa, ya ce bari mu ga abin da Turawa suka ɓoye.

Kafin wannan wadata an yi farin nan da ya cinye dabbobin arewa. Taubashi ya rasa komai, ya ƙetaro da matarsa da 'ya'yansa a ƙafa. Kawu ya kwashe kayan shagonsa daga ɗakin ajiya ya ba su, ya buɗe rumbu, ya hana a raba tukunya. Maƙwabta da suka tambaya ya ce musu aiki ya ɗauki mutumin, ragon banza ne amma ba yadda zai yi da shi. Ya faɗi haka ne don kada kowa ya kira su 'yan cin rani. Duk tsawon zaman nan zagin juna suke daga asuba zuwa isha, Kawu ya ce masa Bafaranshen jeji, shi ya ce wa Kawu ɓarawon siminti. Da ƙasa ta yi kyau Kawu ya haɗa shi da wani mai manyan motoci, ya zama direban kamyo, kamar yadda suke kiran babbar mota a can, yana ɗauko kaya daga bakin teku zuwa Maraɗi.

Daga irin wannan tafiya ce ya kawo wa Kawu tsaraba. Bai ce ta godiya ce ba, taubashi ba ya godiya. Ya dangwarar da kwali a zaure ya ce ga abin da zai sa makauniyar talabijin ɗin nan ta yi amfani, tunda mai ita ba shi da shi.

Wani ɗan akwati ne mai faɗin allon karatu, da wayoyi biyu, kowace da abin murɗawa a bakinta kamar na rediyo. Lokacin ina sabon malami a wata makaranta wajen Bugaje, sai aka kira ni a matsayin masanin gida. Rubutun jikinsa duk Faransanci ne, ilimina ya tsaya a bakin iyaka kamar motar da ba ta da takarda. Taubashi ne, da ɗan lakwal ɗin da ya yi yana yaro, wato bokon Nijar, ya haɗa wayoyin. Aka tada janareta bayan la'asar. Gilashin ya yi baƙi, sai ga layi tsaye a tsakiya, sanda fara a hagu, sanda fara a dama, da ɗigo ɗaya yana kai da kawo. Sauti bai fito ba. Wani mai gyara ya ce talabijin ɗin ta ɓangaren Ingilishi ce, akwatin na Faransa, ba sa jin maganar juna sosai. Kawu ya ɗauki nauyin sautin da kansa, duk bugu sai ya yi ƙas da harshe.

Ba a yi sati ba mutanen iyaka suka ba kowane abu sunansa. Layin tsakiya iyaka ce. Sandar hagu kwastan, ta dama duwan, wato kwastan ɗin Nijar. Ɗigon kuwa kaya ne, in ya wuce ka sai zaure ya ɗauka, kaya sun shige. Kawu ya jingina talabijin ɗin a bangon yamma don kada a ce ya sa ta a alƙibla, sai ya zamana dama tana kallon arewa. Daga nan doka ta kafu ba wanda ya kafa ta: ɗan Nijar ya zauna dama, ɗan Najeriya hagu, kowa ya tsare ƙasarsa.

Direbobin da ke jiran a duba musu kaya suka mai da zauren masauki. Wani makiyayi daga Mazanya ya zagaya bayan talabijin ɗin ya ga wa ke turo ɗigon. Wani malami ya zo bincike ko caca ce, Kawu ya rantse ba a sa ko ƙwandala, wanda aka ci shi ke dafa shayi, malam ya ce to a ba shi ya gwada don ya yi hukunci da sani, aka yi ta fama kafin a karɓe daga hannunsa a yi magariba. Amma wasan da ake jira shi ne na Kawu da Taubashi. Kusan kunnen doki suke yi kullum, kuma abin da ke fita bakinsu ya fi abin da ke gilashin daɗin kallo.

Wata rana na dawo hutun mako na tarar sandar dama ta koma rabin tsawonta. Ba wanda ya san yadda aka yi. Abin da har yau yake ba ni haushi shi ne ba wanda ya yi mamaki a ɓangarenmu. A shekarun nan komai namu ya fi nasu. Naira tana tafiya tana taƙama, sefa, kuɗin Nijar, tana bin ta a baya. Kwaltarmu ta fi tasu, fetur ɗinmu har wanke hannu ake da shi. To don me sandarmu ba za ta fi tasu ba? Wani akawu har ya yi wa jama'a bayani cewa Turawa sun auna ta ne da yawan mutanen kowace ƙasa, sai yanzu na'urar ta gama lissafi. Aka gyaɗa kai. Direbobin Nijar suka yi gunaguni suka ci gaba da dafa shayi.

Taubashi ya dawo daga tafiya ya gani, ya yi dariya, ya ce ɓarawon siminti ya fara satar sanda. Ya zauna aka ci shi. Ya dawo wani zuwan aka sake cin shi. A hankali dariyar ta fara guntulewa kamar sandar. Ran nan zaure cike da direbobin ƙasashen biyu, ya ce wa Kawu su yi musayar wuri, wasa ɗaya tak. Kawu ya ce shi ba ya barin ƙasarsa. Taubashi ya sake roƙo, cikin wasa dai. Kawu na cikin nishaɗi, jama'a na yi masa kirari, sai bakinsa ya riga hankalinsa.

"Ƙarfen ma ya san masu mai. Kai da muka ciyar a shekarar fari, har kana da bakin neman doguwar sanda?"

Tsakanin taubasai komai halal ne. Ka ce masa mummuna, ka ce masa matsoraci, ka ce kakansa bawan kakanka ne. Abu ɗaya ne ba ya cikin wasan, gorin abincin da mutum ya ci da yunwa. Ɗigon yana ta wucewa ba mai tare shi. Kawu bai daɗe da dawowa daga Makka ba, kuma duk garin mutum ɗaya ne ya ƙi kiransa da sabon sunan, ya ce shi bai ga abin da ya canza ba sai haƙori. Mutumin nan ya ajiye abin murɗawa a hankali a kan tabarma, ya miƙe, ya sa takalmi.

"Na gode, Alhaji," in ji shi.

Daga ranar bai sake zaginsa ba.

Kada a ce gaba suka yi, dukansu sun san hukuncinta. Suna, biki, rasuwa, Taubashi bai taɓa fashi ba. Zai zo, ya cire takalmi tun daga nesa, ya ce ranka ya daɗe. Kawu ya yi duk abin da ya iya don ya tsokano shi. Ya taɓa aika masa da akala wai ta dace da wuyansa, aka dawo da godiya da kwaryar dabino. Ya tare shi a taron ɗaurin aure ya kira shi Bafaranshen jeji a gaban mutane, ya amsa da Allah ya ƙara girma. Na ga Kawu ya dawo daga irin wannan haɗuwa ya kasa cin tuwo. Na taɓa ce masa ya ba shi haƙuri kawai mana. Ya dube ni kamar na ce ya yi sallah da takalmi, ya ce in ya ba taubashinsa haƙuri ai shi ma ya zama baƙo ke nan, an rufe ƙofar ta ɓangare biyu. Na daɗe ina ganin wannan taurin kai ne sanye da rigar hikima. Har yanzu rabin raina haka yake gani. Akwatin dai ya naɗe shi a tsohon zane ya tura ƙarƙashin gado, ya ce janareta na shan mai. A ƙasar da ake wanke hannu da fetur.

To, bayan an watse daga makoki ana kwashe ɗakin, jikan Kawu ya ci karo da shi. Magidanci ne, mai shagon gyaran waya a kasuwa, hannunsa na da albarka, wannan ba zan hana shi ba. Ya buɗe, ya goge, ya canza abin da ya ruɓe, ya haɗa masa wata 'yar na'ura mai fassara tsohuwar magana zuwa sabuwar talabijin. Ina zaune ina tunanin yadda zan tunkari aiken Inna sai na ji dariya a bayan gida. Na tarar da shi da abokansa, ɗaya na ɗauka da waya, shi kuma yana yanke hukunci.

Ya ce ba launi. Ba sauti. Ba labari, ba wanda kake ceto, ba wanda kake kashewa. Ba mataki na gaba, abin da ka gani a minti na farko shi za ka gani har ka mutu. Ba ka iya buga shi kai kaɗai, sai ka nemo wani ka zaunar kusa da kai, wannan a wurinsa shi ne babban aibi. Ya ce ko gem ɗin da ke zuwa kyauta a ƙaramar waya ya fi wannan sau dubu, in za a ba shi maki biyu cikin goma ne, ɗaya don tsufa ɗaya don Kaka.

Maki sana'ata ce, don haka na tsoma baki. Na ce masa ba a yi wa ɗan aji ɗaya jarrabawar jami'a. Ana tambayar yaro abin da aka koya a zamaninsa, a duba abin da ya zo da shi wanda ba a koya masa ba. Kafin akwatin nan, duk abin da ya zo mana daga waje magana yake yi mu saurara. Rediyo ta faɗa, majigi ya nuna, mu namu zama da buɗe baki. Ranar da Kawu ya murɗa abin nan sandar cikin gilashi ta bi hannunsa, ranar ce ta farko da gilashi ya yi wa mutumin Jibiya biyayya. Duk abin da kake latsawa a shagonka jikan wannan murɗawar ne. Ya saurare ni da irin haƙurin da ake yi wa mai ba da labarin farashin da, ya ce ya ji, Baba, amma dai ba daɗi. Ya miƙo mini in gwada.

Na gwada. Abin takaicin, ɗigon ya fi yadda nake tunawa nawa. Ban jima ba na ji ina hamma. Wannan ya fi maganar yaron ɓata mini rai, domin na gane rabin abin da nake karewa ba ya cikin akwatin. Yana zauren da babu shi yanzu, da bakin mutum biyu.

Ina cikin wannan sai ya kifa akwatin, ya ce af, ga wasu 'yan maɓallai biyu nan a ƙasa. Ya tura ɗaya da farce. Sandar dama ta miƙe ta yi daidai da 'yar'uwarta. Ashe an yi su ne don gwani ya rage tasa in zai kara da sabon shiga. Shekara arba'in da ɗoriya, da tuwon da aka kasa ci, da ranka ya daɗen da ya fi mari zafi, duk a kan abin da farce ke gyarawa.

"Ashe Kaka cuta yake yi," in ji jikan.

Jika na da izinin tsokanar kakansa, amma wannan ba da sigar tsokana ya faɗa ba, sakamako ya sanar. Na ce masa bai sani ba, ni ma ban sani ba. Mai yiwuwa yatsan yaro ne, mai yiwuwa tsumman shara ne, mai yiwuwa Kawu ne garin neman abin da Turawa suka ɓoye ya taɓa bai lura ba. Mai yiwuwa kuma ya sani. Mutumin da ya buɗe rumbunsa a shekarar da wasu ke kwana a kan nasu, ba za a gama da shi da yammaci ɗaya ba, kamar yadda aka gama da akwatinsa. Ya ce to, ya ci gaba da duba hoton da aka ɗauka.

Da na gaya wa Inna, ta ce a kai wa Taubashi akwatin, ai dama shi ya kawo shi.

Muka tafi da hantsi a babur ɗin jikan, akwati a buhu, 'yar talabijin da batir a cinyata. A shingen iyaka wani jami'i ya leƙa buhun ya tambaya mene ne, jikan ya ce kayan tarihi ne, ya dube ni ya dubi buhun, bai tambayi wanne daga ciki ake nufi ba.

Mun sami Taubashi a zaurensa. Ya karɓe mu da ladabin nan nasa mai sanyi, ya tambayi lafiyar gidan Alhaji. Na yi dogon sharar fage irin na malamai, sannan na sa aka haɗa kayan. Sandunan suka bayyana, ta dama gajeriya kamar yadda muka mai da ita tun a gida. Na kifa akwatin da alfaharin mai kawo bushara, na nuna masa maɓallin, na tura, sandar ta miƙe. Na ce ga shi, Baba, ashe kuskure ne tun farko, ba wanda ya sani.

"Ni na sawo ta, Malam," in ji shi. "Tun bakin teku mai shago ya gwada mini wanga maɓalli."

Na tambaye shi to me ya hana shi turawa tun a lokacin.

"Da yatsana? Cikin zaure nai? Ni ba sanda nika nema ba. So nike ya ce, taso, zamna nan."

Duk jawabin da na haddace a hanya ya zube. Na zo da amsar tambayar da ba a yi ba, abin da na sha jan kunnen ɗalibai a kai. Na fara tunanin yadda zan koma wa Inna hannu wofi.

Sai tsohon ya ce a mai da ta yadda take, gajeriya a dama. Aka mayar. Ya ja jiki da ƙyar ya koma hagu, ya ɗauki abin murɗawar Kawu, ya juya shi a tafin hannu. Ya nuna jikan da haɓa, ya ce wannan mai kunnuwan kakansa ya zo ya riƙe Nijar.

Na yi wa yaron duk alamar da ido ke iya yi. Na yi gyaran murya. Na taka masa ƙafa. Mutanen yanzu ba sa karanta ido, gilashi suke karantawa. Da hannu ɗaya, da guntuwar sanda, yana ma duba saƙo a wayarsa, ya yi wa dattijo ɗan kusan casa'in cin kaca. Doguwar sandar tana sama ɗigo na wucewa ta ƙasa, tana saukowa ya bi ta sama. Ban taɓa jin sha'awar dawo da bulala makaranta ba kamar ranar.

Tsohon ya ce a sake. Aka sake, ba abin da ya canza. Jikan ya fara cewa ai Baba in kana so a rage gudun, tsohon ya ɗaga masa hannu ya katse shi. Ya daɗe yana kallon doguwar sandar nan da ya yi rabin rayuwarsa yana hange daga dama.

"Wagga ba ta tare komi," ya ce a hankali. "Ashe sai da hannu."

Ya sake juya abin murɗawar a tafin hannu.

"Ashe ya iya, la'ananne."

Na ɗago kai. Da Kawu yake. Daga nan kamar an fasa madatsa. Ya ce ɓarawon siminti, mai kunnen jaki, mai haƙorin aro, wanda ya sayi firji don huluna, matsoracin da ya ga ramuwa na tafe ya je ya ɓuya a rami. Ya yi ta jerowa, wasu ma ban taɓa jin su ba, ina jin ajiyar shekaru ce. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Jikan ya dube ni a tsorace, yana jiran in tashi in kare mutuncin gidanmu. A karo na farko ranar ya ajiye wayar.

Da numfashi ya dawo masa, tsohon ya share fuska da hannun riga ya ce:

"Ka hwaɗa ma ƙanwa tai, gorin na yahe. Wasan ban yahe ba. Ya jira ni, kuma hagu zan zamna."

Ya hana mu tafiya da akwatin. Ya ce kayansa ne, aro ya bayar, an riƙe masa ba kunya.

Mun iso gida bayan la'asar. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da carbi, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba, ta ce me ya ce. Na tsuguna a gabanta, da furfurata da takardun shaidata, na karanto wa mahaifiyata zagin yayanta da ke kabari, ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko na kunnen ba. Ta rufe ido tana saurare kamar mai jin karatu.

Da na kai ƙarshe ta yi hamdala. Sannan ta ce in maimaita.